Makullin Ƙofar Baya: Me Jami'o'inmu Suka Tanada Kafin Agaji Ya Iso?

Ina aji biyu a jami'a, wani dare cikin hunturu, wuta ta tashi a hawa na biyu na benen da muke kwana. Wani ɗalibi ne ya jona hita a bokitin roba, aka ɗauke wutar lantarki, ya manta bai zare ba ya wuce karatu. Can tsakar dare aka dawo da wuta, ruwan ya tafasa har ya ƙafe, bokiti ya narke, katifa ta kama. Ƙaurin soso ne ya tashe mu. Benen yana da matakala biyu, kuma ta gaba, wadda kowa ya saba bi, hayaƙi ya riga ya turnuƙe ta. Muka kwasa a guje zuwa ta baya. A ƙasanta muka tarar da ƙofar ƙarfe an naɗe ta da sarƙa, an danna mata kwaɗo mai faɗin tafin hannu. Tagogin wurin kuwa duk da sandunan ƙarfe. Har yau ina jin ƙarar sarƙar nan a kunnena, yadda wani yaro ɗan aji ɗaya ya riƙa jijjiga ƙofar yana salati. Ta tsakanin ƙarafan muka hango dattijon da ke gadin ginin ya taho da tocila.

"Baba, makulli! Don Allah Baba, makulli!"

"Wallahi yarana ba ya hannuna. Yana ofis, mai ofis ɗin kuma ya tashi tun la'asar."

Allah ya kiyaye, wani mai karatun injiniya ya kashe wutar benen daga tushe, wasu suka yi ta kai ruwa da yashi har abin ya lafa. Ba a rasa rai ba. Washegari aka manna takarda a allon sanarwa cewa an haramta hita da risho a ɗakuna. Sarƙar tana nan inda take har na gama makarantar.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina, domin wanda ya sa kwaɗon nan ba mugu ba ne. Sata ta yi yawa, ɓarayi suna shigowa ta baya su kwashe wayoyi da takalma, aka kai kuka, shi kuma ya rufe ƙofar da niyyar kare mu. A nan matsalar tsaron jami'a take a dunƙule. Abin da aka tanada don hana mugu shiga, shi ne zai hana ɗalibi fita ranar da hatsarin ya taso daga ciki. Kuma in ka lura da yadda ake zancen tsaro a manyan makarantunmu, za ka ga kusan duk hankali yana kan hana shiga: katanga, ƙofa, katin shaida, buɗe bayan mota, mai gadi da sanda. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, idan duk da haka abin ya auku, wa ya san abin da zai yi a minti goman farko, kafin soja ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti su iso?

Ba na raina katanga. Wanda ya rayu a Arewa daga 2012 zuwa yau ya san dalilin da ya sa ake son ta. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012, mahara suka shiga tsohon matsugunin Jami'ar Bayero a Kano, suka jefa abubuwan fashewa inda Kiristoci ke ibada, suka bi masu gudu da harbi; aƙalla mutum 15 suka mutu, har da farfesoshi biyu. A ƙarshen Satumba 2013 aka kashe ɗalibai aƙalla 40 a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Yobe, akasarinsu suna barci a ɗakunan kwana. A Satumba 2014 aka afka wa Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kano ana tsakiyar lakca. A watan Janairu 2017 bom ya tashi a wani masallaci cikin Jami'ar Maiduguri lokacin sallar asuba, ya kashe Farfesa Aliyu Mani na fannin likitancin dabbobi, kuma a shekarar hare-haren ƙunar baƙin wake suka yi ta maimaituwa har aka shiga haƙa ganuwa mai tsawon kusan kilomita 27 a gefen jami'ar da ke kallon daji. Wanda ya ga waɗannan ba zai ce shinge aikin banza ne ba. Jami'ar Maiduguri ta ci gaba da karatu a tsakiyar wannan wuta, kuma masu gadinta da dama sun tari mutuwa da ƙirjinsu don kada ta ƙarasa ɗakunan yara. Sun cancanci a riƙa tunawa da su.

Sai dai katanga tana da iyaka guda biyu. Ta farko, ana fasa ta. A daren 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka huda shingen Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Kaduna, makarantar da ke maƙwabtaka da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja, suka tafi da ɗalibai 39. Sojoji sun kawo ɗauki sun kuɓutar da mutum 180 a daren, abin da ke nuna amfanin agajin da ya zo da wuri, amma ragowar waɗanda aka tafi da su sai farkon Mayu suka ga gida. Bayan wata guda da 'yan kwanaki, ranar 20 ga Afrilu, aka shiga Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, aka kwashi ɗalibai, daga baya aka tsinci gawar biyar daga cikinsu.

Iyaka ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ba a cika faɗin ta ba: yawancin ɗaliban jami'o'inmu na gwamnati ba a cikin katangar suke kwana ba. Ana ɗaukar ɗalibai dubbai a kowace shekara, gadajen kwana kuwa ba su ƙaru daidai da haka ba, don haka sai yara su bazu cikin unguwannin da ke kewaye. Samaru a Zariya, Danbare da Rijiyar Zaki a Kano, Mairi a Maiduguri, Yelwa da Gwallameji a Bauchi, Unguwar Lambu a Keffi. Masu gidaje sun gano kasuwa, suna jera ɗakuna a fili ɗaya, ƙofa ɗaya, wayoyin lantarki a sarƙe kamar saƙar gizo, wani gidan ma a bakin gonaki inda gari ya ƙare. In ka bi tarihin hare-haren, sai ka ga maharan sun riga hukuma gane wannan. Kisan Mubi na daren 1 ga Oktoba 2012, inda aka kashe aƙalla mutum 25, yawancinsu ɗalibai, a unguwar Wuro Fatuji ya faru, wajen harabar makaranta. An riƙa bi ɗaki-ɗaki ana kiran suna. 'Yan matan Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da 20 da aka sace ranar 22 ga Satumba 2023, daga gidajen haya na Sabon Gida aka ɗauke su, wasunsu suka shafe watanni a daji. Ba a cika mako biyu ba aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan haya a cikin gari.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, akwai jimlar da ake saurin furtawa: ai ba a cikin makaranta abin ya faru ba. Ta fuskar taswira gaskiya ne. Amma uban da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin rajista, ba unguwa ya kai 'yarsa ba, jami'a ya kai ta, kuma rashin gado a cikin jami'ar ne ya tura ta bakin daji. A ganina, duk makarantar da ta ɗauki ɗalibi alhali ta san ba ta da inda za ta kwantar da shi, nauyin sanin inda yake kwana ya hau kanta. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Rajista ce ta gidajen da ɗalibai ke haya, da sunan mai gida, da yawan waɗanda ke ciki. Zama ne lokaci-lokaci da mai unguwa da dagaci da 'yan sintiri da baturen 'yan sandan yankin, waɗanda galibi su ke fara jin ƙishin-ƙishin ɗin an ga baƙin babura a bayan gari. Sannan ƙarfin halin gaya wa ɗalibai a fili cewa layi kaza ba mu yarda kowa ya kama ɗaki a can ba, tare da ba waɗanda suka fi rauni fifiko a gadajen ciki. Rashin wannan rajista ne ke sa bayan hari a kwana biyu ana musun adadin waɗanda aka sace, 'yan sanda da nasu lissafi, makaranta da nata, iyaye kuma suna tsaye a bakin ƙofa da hoton 'ya'yansu a waya.

Yanzu bari mu koma kan mintunan farko, inda nake ganin darasi mafi girma ya fito daga wata jami'a a Amurka. Ranar 16 ga Afrilu 2007, da misalin ƙarfe 7:15 na safe, wani ɗalibi ya harbe mutum biyu a ɗakin kwana na jami'ar Virginia Tech. 'Yan sanda suka ɗauka rikicin soyayya ne, kuma mai laifin ya riga ya bar harabar. Shugabanni suka shiga taro suna shawarar abin da za a gaya wa jama'a. Saƙon imel na farko bai fita ba sai 9:26, shi ma bai ce kowa ya tsaya inda yake ba. Wajen 9:40 maharin ya shiga wani ginin azuzuwa, ya ɗaure ƙofofin da sarƙa ta ciki, cikin kusan minti goma ya kashe mutum 30. Jimilla rai 32. A wani aji, wani dattijon farfesa mai shekara 76, Liviu Librescu, ya tokare ƙofa da jikinsa har ɗalibansa suka dire ta taga, shi kuma aka kashe shi a wurin. A wani ajin kuma ɗalibai suka jingina tebur a ƙofa suka danne, suka tsira.

Jami'ar nan tana da 'yan sandanta, tana da kuɗi, tana da na'urori. Sa'o'i biyun da suka salwanta, a wajen yanke shawara suka salwanta. Ba a riga an fayyace wa ke da ikon cewa a sanar yanzu ba tare da jiran manya ba. Shi ya sa a 2008 aka gyara dokar ƙasar, aka wajabta wa jami'o'i su sanar da jama'arsu nan take da zarar an tabbatar da hatsari, su kuma gwada tsarin sanarwar aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ka ɗauko wannan ka aza a kan jami'ar da ka sani. Ƙarfe biyu na dare mai gadi ya ji harbi ta gefen gona. Wa zai kira? Yana da kati a wayarsa? In ya samu shugaban masu gadi, shi yana da ikon kunna jiniya, ko sai ya tashi magatakarda, magatakarda ya nemi shugaban jami'a wanda wataƙila yana Abuja wajen taro? Mun gaji tsarin aiki da ke koya wa ƙaramin ma'aikaci cewa laifin yin abu ba da izini ba ya fi laifin ƙin yin komai. A ranar lafiya wannan ladabi ne. A daren hari kuwa kowane hawa na neman izini minti ne da ake cira daga rayuwar wani. Gyaran a rubuce yake farawa: takarda mai sa hannun shugaba da ke cewa jami'in da ke bakin aiki, ko wane ne shi, yana da ikon busa jiniya da tura saƙo, kuma ba za a hukunta shi ba in daga baya ta bayyana ba komai. Sannan hanyar sanarwar ta dace da mu. Imel ba zai tashi kowa daga barci ba. Muna da lasifikokin masallatai da na coci-coci a cikin harabar, muna da zaurukan WhatsApp na kowane aji da kowane bene, ga gajeren saƙo da ke shiga ko da ƙaramar waya. Abin da ya rage shi ne a san murya ɗaya da za a gaskata, domin in hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke karɓe lasifikar.

Ita kuwa jita-jita da firgici suna kisa ba tare da harsashi ba. Kenya ta ga wannan sau biyu a shekara guda. Ranar 2 ga Afrilu 2015 'yan al-Shabab suka shiga Kwalejin Jami'a ta Garissa da asuba, suka kashe mutum 148, kusan dukkansu ɗalibai, yayin da rundunar musamman da za ta murƙushe su ta ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ta iso daga Nairobi. Bayan kwana goma, wayar lantarki ta fashe da ƙara da asuba a reshen Kikuyu na Jami'ar Nairobi. Ɗalibai suka ɗauka mahara ne, suka riƙa dirowa ta tagogin bene; ɗaya ya mutu, fiye da 100 suka jikkata. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, Jami'ar Strathmore ta shirya atisayen harin ta'addanci da ƙarar bindiga ba tare da yawancin mutanen ciki sun sani ba. Wata ma'aikaciya ta mutu bayan ta faɗo daga bene, mutane da dama suka karye.

Wasu za su ɗauki labarin Strathmore hujjar cewa atisaye hatsari ne. Ni abin da na fahimta daban ne. Atisaye koyarwa ce, kuma ba a koyar da mutum ta hanyar razana shi. Ana sanar da rana da lokaci, a nuna wa kowa ƙofar da zai bi da filin da za a taru, a yi tafiyar a natse, a kira suna, a duba minti nawa aka ɗauka, a gyara inda aka samu cunkoso, a sake a zango mai zuwa. Amfaninsa shi ne ƙafa ta haddace hanya, domin ranar da hayaƙi ya rufe ido kuma zuciya ta tsinke, abin da jiki ya saba shi yake yi. Sannan a bambance wa mutane, domin matakin gobara da na hari kishiyoyin juna ne: a gobara fita ake yi da sauri, a sunkuye ƙasa da hayaƙi, a hari kuwa wani lokaci tsira tana cikin kulle ƙofa, kashe fitila, sa waya a shiru. In jiniya iri ɗaya ce ga duka biyun, za ta iya kora yara zuwa bakin bindiga. A makon karɓar sababbin ɗalibai ana shafe sa'o'i ana jawabi kan sutura da satar jarrabawa. Da za a ware sa'a guda a zagaya da su bene-bene a nuna musu wannan, da an yi abin da zai zauna.

Na san akwai mai cewa yawan zancen musiba kamar kiran ta ne, abin da Allah ya ƙaddara kuma ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana zuwa ne bayan riƙo da sababi, kuma kakanninmu da suka gina ganuwar Kano da ta Zazzau da ta Katsina, suka sa sarkin ƙofa a kowace ƙofa, ba ƙarancin imani ne ya sa su ba. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gobara ta fi hari yawan aukuwa nesa ba kusa ba, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu yana ɗauke da takwas ko goma, ga tukunyar gas a ƙarƙashin gado, ga soket ɗaya da aka jona wa abu shida, ga katifun soso waɗanda hayaƙinsu kan kashe mutum tun kafin harshen wuta ya taɓa shi. Tukwanen kashe gobara, inda akwai su, sau da yawa an rataye su tun ranar buɗe ginin ba a sake duba su ba, kuma ɗalibi nawa ne ya taɓa zare fil ɗin ɗaya da hannunsa? A Nuwamba 2003 gobara ta kashe ɗalibai fiye da 40 a masaukin Jami'ar Patrice Lumumba da ke Mosko, baƙi ne daga Asiya da Afirka da ba su daɗe da isa ƙasar ba, kuma wasu ƙofofin fita a rufe suke. A Jami'ar Seton Hall ta Amurka, a Janairu 2000, ɗalibai uku suka mutu. Ƙararrawar ginin ta sha kaɗawa a banza saboda wasan yara, don haka da ta gaskiyar ta zo da yawa suka gyara kwanciya. Bayan haka jihar New Jersey ta wajabta sa bututun yayyafa ruwa a duk ɗakunan kwanan ɗalibai. Mu ko ba mu kai nan ba tukuna, maganin kwaɗon da na ba da labari ba shi da tsada. Akwai ƙofar da ake turawa ta buɗe daga ciki amma ba ta buɗuwa daga waje. Akwai ƙarfen taga mai sakata ta ciki, ko da ɗaya ne a kowane dogon baranda. In duk wannan ya gagara, a rataye makullin a akwatin gilashi kusa da ƙofar. Maƙerin bakin kasuwa zai iya yin biyu daga cikin ukun.

Haka batun rashin lafiyar gaggawa. Ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, ko mai asma ta shiga wani hali cikin dare, ko janareta ya kwana a baranda hayaƙinsa ya cika ɗaki. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, ba motar asibitin da za ta iso a wannan taƙin, ko da tana da mai kuma direban yana kusa. Wanda ke tsaye a wurin shi ne likitan farko. Danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, tsayar da jini, kwantar da wanda ya suma ta gefe, abubuwa ne da ake koya a yini ɗaya. Ga ɗaliban likitanci da na jinya a jami'o'in, ga 'yan Red Cross da Man O' War, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da suka saba da hidimar taron jama'a. A ce kowane bene yana da mutum biyu da aka horar, sunansu da lambar ɗakinsu a manne a bango tare da lambar asibitin makaranta da 112 ta kiran gaggawa.

Wasu musibun kuma daga sakacin tsara taro da duba gini suke fitowa. A Agusta 2019 wata gadar ƙafa ta rufta da ɗalibai cikin dare bayan ruwan sama a matsugunin Gubi na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, aƙalla uku suka rasu. Ranar 22 ga Maris 2024 ɗalibai mata aƙalla biyu suka mutu a turmutsutsun rabon shinkafar tallafi a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Yara masu jin yunwa, dubbai, ƙofa ɗaya; da an raba ta sashe-sashe cikin kwanaki, da zancen ya sha bamban.

Akwai kuma hatsarin da ba ya ƙara, wanda ɗalibai mata suka fi kowa sani: hanyar da ba fitila tsakanin ɗakin karatu da masauki, mai fizgen waya, mai bin mutum a baya, malamin da ke kira ofis bayan magariba. A nan al'adar rufa-rufa ce babbar abokiyar gaba, wai kada sunan makaranta ya ɓaci. Amurka ta yi fama da wannan. A 1986 wani ɗalibi ya yi wa Jeanne Clery, 'yar shekara 19, fyaɗe ya kashe ta a ɗakinta a Jami'ar Lehigh, bayan ya shigo ta ƙofofin da aka tokare a buɗe. Iyayenta suka gano an sha aikata manyan laifuka a harabar ba a gaya wa kowa ba, suka yi ta fafutuka har aka kafa doka a 1990 wadda yanzu ke ɗauke da sunanta. Duk jami'ar da ke cin tallafin gwamnatin tarayya dole ta wallafa alƙaluman laifukan da aka aikata a cikinta kowace shekara, ta kuma ajiye littafin rahoton yau da kullum da kowa zai iya dubawa. A 2024 an ci Jami'ar Liberty tarar dala miliyan 14 saboda saɓa wannan doka. Ina ganin wannan ne abin da ya fi cancanta mu ara. Uba yana da haƙƙin sanin sau nawa aka yi fashi a unguwar da 'yarsa za ta zauna kafin ya biya kuɗin ɗaki, makarantar da ta san za a karanta alƙalumanta kuwa za ta gyara fitilun hanya ba sai an roƙe ta ba.

A takarda ba mu rasa tsare-tsare ba. An ƙaddamar da shirin kare makarantu a 2014 bayan sace 'yan matan Chibok. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Oslo ta 2015 kan kare makarantu da jami'o'i a lokacin rikici, har ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a Abuja a 2021. A ƙarshen 2022 aka fito da tsarin kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026, daga baya kuma aka buɗe cibiyar kai ɗauki ƙarƙashin rundunar Sibil Difens. Ma'aunin duk wannan shi ne abin da mai gadin dare ya gani a hannunsa: rediyon oba-oba mai caji, tocila, albashi a kan kari, da lambar da in ya kira za a ɗauka. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana tura tawaga ta ƙirga littattafai da kujeru da malamai kafin ta amince da kwas. Me zai hana tawagar ta murɗa ƙofar baya ta ga ko tana buɗuwa, ta nemi rajistar atisayen bara? Asusun TETFund yana gina manyan ɗakunan lakca masu cin mutum ɗari biyar ko dubu. Sharaɗin ƙofofin fita da ke buɗewa waje ya kamata ya zo tun a zanen gini.

Sai abin da ke biyo bayan musiba, wanda a wurinmu yakan taƙaita ga sanarwar rufe makaranta da umarnin kowa ya kwashe kayansa kafin yamma. Dubban yara a firgice, wasu ba kuɗin mota, a tura su kan hanyoyin da su ma ba amintattu ba ne. Waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa kuma a ɗauki hoto da su a gidan gwamnati, bayan 'yan makonni a sa ran su zauna jarrabawa kamar ba abin da ya faru, alhali ƙarar babur kaɗai tana hana su barci. Suna buƙatar likitan da ya san ciwon firgici, da sassauci a karatu, da damar sauya makaranta ga wanda ba zai iya komawa ba. A 2024, shekara tara bayan Garissa, wata babbar kotu a Kenya ta yanke hukunci cewa hukumomi sun yi sakaci duk da bayanan gargaɗin da suka samu, ta umarci a biya iyalan mamatan da waɗanda suka jikkata diyya. Iyayen ɗaliban Greenfield kuwa sun shaida wa 'yan jarida cewa su da kansu suka haɗa miliyoyin naira da babura kafin a sako ragowar 'ya'yansu a ƙarshen Mayu 2021, kwana arba'in bayan an ɗauke su daga makaranta.